Daga Dogari zuwa Ɗan Sanda: Wa Yake Biyan Masu Tsaron Bauchi?

A zaman da muka yi kan kuɗin 'yan banga, wani matashi ya tashi ya ce shi bai ga dalilin tara kuɗi duk wata ba alhali akwai 'yan sanda a gari. Tambayar tana da nauyi, amsarta kuwa sai an koma baya.

Tun da Malam Yakubu ya kafa garin nan, tsaro na hannun Sarki ne. Dogarai ke kama mai laifi su kai shi gaban alkali, ci da suturarsu kuma daga fada. Da Turawa suka ci Bauchi a 1902 ba su rushe wannan ba, sai suka ɗora shi a kan takarda. Aka kafa Baitulmali, haraji da jangali suna shiga, gwamnatin Turawa ta ɗebi kasonta, abin da ya rage En'e ta biya hakimai da alkalai da masu tsaro. Daga baya aka ware 'yan doka masu kaki da fareti, dogarai suka tsaya ga hidimar Sarki. Shugabansu shi ne Wakilin Doka, kuma ba ƙaramin muƙami ba ne: marigayi Ado Bayero ya riƙe shi a Kano kafin ya hau sarauta a 1963.

To ka ga ɗan doka ɗan gari ne. Ya san unguwa, ya san uban kowa, albashinsa daga harajin da kakanninmu suka biya yake fitowa. Dattawa na yawan yabon wannan zamani, ni ma ban ƙi ba. Amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Da siyasa ta shigo, 'yan doka suka zama sandar masu mulki, 'yan NEPU sun sha kamu da ɗauri a Arewa kan taro ko lacca. Ai ɗan Bauchi ne ma, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara tsarin En'e, ga su Sa'adu Zungur da ba su taɓa yin shiru ba. Wanda bai ɗanɗana bulala ba shi ke cewa komai lafiya lau ne a da.

Wannan ƙorafi na cikin abin da ya sa gwamnatin soja, bayan juyin mulkin 1966, ta rushe 'yan sandan En'e ta haɗe su da rundunar ƙasa, wadda aka kafa tun 1930.

Yau sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce runduna ɗaya ce tak a Najeriya. Sufeto Janar yana Abuja, kowace jiha da Kwamishinanta, ƙarƙashinsa akwai DPO a kowane yanki. Albashi da kayan aiki daga kasafin tarayya suke, a 2019 kuma aka kafa asusun tallafa wa 'yan sanda na musamman. Gwamna na iya ba Kwamishina umarni, amma sashe na 215 ya ba Kwamishinan damar cewa a kai maganar ga Shugaban Ƙasa tukuna. Shi ya sa za ka ga jiha ta sayi motocin sintiri, amma ba ita ke ɗauka ko sauya wa kurtu ko ɗaya wurin aiki ba. Kuɗi kuma kafin ya taso daga Abuja ya iso caji ofis ya rame. Lokacin da aka fasa mini shago, sai da na sa hannu a aljihu kafin mota ta tashi, ban kuma ga laifin yaron da ya zo ba.

Yanzu ana ta maganar 'yan sandan jihohi. Ni abin da nake so mu tambayi wakilanmu idan sun zo neman ƙuri'a shi ne wa zai riƙe albashin, wa kuma zai iya tsawata wa gwamna ranar da ya aike su gidan abokin hamayya. Kafin nan dai, kuɗin 'yan banga na nan, ana karɓa bayan sallar Juma'a, kuma a riƙa karanta mana lissafi a bainar jama'a.