Wuƙar Aljihu a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu: Tarihinta da Shaidar Harshe

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun wani ɗan ƙaramin abu, watau wuƙar nan mai naɗewa da ake jefawa cikin aljihu, a ga yadda ta shigo gabashin Zamfara, da wurin da ta samu tsakanin kayan aikin da ta tarar. Masu tarihi sun fi kula da takobi da mashi, domin da su aka ci garuruwa. Amma wuƙar da malami ke fiƙe alƙalami da ita, manomi ya fafe gora, ita ma tana da labarinta, kuma rabin labarin yana cikin harshe.

Wuƙar gargajiya

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe bai rasa abin yanka ba. Ana haƙo tama a narke ta, maƙeran baƙi su ɗora ƙarfen bisa uwar maƙera, su fitar da ruwan wuƙa da masaba, a sa mata ƙota, sa'an nan baduku ya ɗinka mata kube. Ashe wuƙa guda tana ciyar da gida fiye da ɗaya. Kowace iri kuwa da sunanta: akwai wuƙa, wadda mutanen yamma ke ce wa yuƙa, akwai barho, akwai askar wanzami, akwai wadda ake ɗaurawa a damtse. Kalmar ta shiga har cikin maganar mulki. In an ce an ba mutum wuƙa da nama, an sakar masa iko ke nan, sarkin yanka kuwa shi ne wanda hukuncin kisa ke hannunsa.

Wannan yanki yana da wata bukata ta musamman ga ƙaramar wuƙa mai kaifi. 'Yandoto, wadda ke kusa da Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai ce tun tana ƙarƙashin Katsina, kafin rundunar Muhammadu Bello ta ci ta a farkon jihadi. Gusau kuma malami ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, watau Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sarautun wurin har yanzu suna riƙe da wannan tarihi: Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe, Sarkin Fulanin Bunguɗu. Duk inda allo da tawada suka yawaita, lalle a sami wuƙar fiƙe alƙalami, domin alƙalamin kara ba ya daɗewa bakinsa bai dakushe ba.

Kada a ɗauka cewa ƙarfen Turai sai da mulkin Ingilishi ya iso ƙasar Hausa. Heinrich Barth, wanda ya zauna Kano cikin 1851, ya kuma ratsa Zurmi cikin 1853 a kan hanyarsa ta Sakkwato, ya lissafta kayan da fatake ke ƙetaro Sahara da su, har da ruwan takubba na Solingen ta Jamus, da asake na Styria, da allurai na Nuremberg. Abin lura shi ne ruwan takobin tsirara yake zuwa, a nan ake yi masa ƙota da kube. Baƙon ƙarfe na wancan zamani ƙara wa masu sana'a aiki ya yi.

Asalin wuƙa mai naɗewa

Dabarar naɗe ruwan wuƙa cikin ƙotarta tsohuwa ce ƙwarai, Rumawa ma sun san ta. Abin da maƙeran Turai suka ƙara cikin ƙarni na 17 shi ne wani siririn ƙarfe mai tsalle a bayan ƙota, wanda ke danne gindin ruwan ya riƙe shi, ko a buɗe ko a rufe. Birane uku suka shahara da wannan sana'a: Sheffield ta Ingila, da Solingen, da Thiers ta Faransa. Ingilishi sun raɗa wa ƙaramarta suna daga alƙalamin gashin tsuntsu da suke fiƙewa da ita, watau bukatar akawun London da ta malamin 'Yandoto ɗaya ce.

Da Turawa suka raba Afirka, sai masana'antu suka shiga ƙera masu araha domin kasuwannin ƙasashen da aka mallaka. Cikin 1902 aka fara yin Okapi a Solingen domin ƙasashen Jamus na Afirka, cikin 1988 kuma aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Cikin 1929 kamfanin Cognet na Thiers ya fito da Douk-Douk, wadda aka nufi tsibiran Tekun Fasifik da ita, amma ta fi karɓuwa a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka.

Jirgin ƙasa da kanti

Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙaura Namoda cikin 1929, shekarar da aka kafa kamfanin UAC. Gusau ta zama matattarar gyaɗa da auduga, kamfanonin Turawa da Kwara suka buɗe kantuna. Jirgin da ya kwashi gyaɗa ya kan komo da atamfa da tasoshi da fitilu da ƙananan kayan ƙarfe, 'yan koli su saro su baza a kasuwannin ƙauye. Tsafe tana kan dogo, Bunguɗu kuwa tana kan hanyar mota ta Sakkwato, saboda haka daga Gusau kayan kanti ke isa gare ta.

Mene ne wuƙa mai naɗewa ta fi ta gida da shi? Ba kaifi ba ne, kube ne. Aljihu ba baƙo ba ne a suturar Bahaushe. Babbar riga tana da shi, kuma aikin zaren da ke kansa ana kiransa aska biyu ko aska takwas. Sai dai wuƙa mai kube a ƙugu ko a damtse take zama, ta tsirara kuwa ba ta shiga aljihu. Mai naɗewa ita ce kuben kanta. Don haka ta dace da sababbin mutanen da zamanin kanti ya haifar, akawu da malamin makaranta da ɗan kamasho da direba, masu fiƙe fensir, su yanke igiyar buhu, su sha rake. Wanda ta fara ragewa aiki baduku ne.

Maƙeri kuwa bai faɗi ba. Philip Jaggar, wanda ya nazarci maƙeran birnin Kano, ya nuna cewa zuwan dogo ya wadata su da tarkacen ƙarfe mai araha. Abin da ya mutu shi ne narkar da tama. Ƙira ta ci gaba da ƙarfen tsofaffin motoci. Mahauci da mai yankan layya ba su bar wuƙar gida ba, domin wuƙar da za ta iya rufewa a kan yatsa ba ta aikin ƙarfi.

Shaidar harshe

Hausa tana da hanya biyu ta karɓar baƙon abu. Ko dai ta ari sunansa, kamar alƙalami da almakashi da aljihu daga Larabci, ko ta siffanta shi da kalmomin gida. Wuƙa mai naɗewa hanya ta biyu ta bi: wuƙar aljihu, ko 'yar wuƙa. Ma'anar haka ita ce mutane sun gan ta a matsayin wuƙa ce da ta sake zani, ba wani abu sabo ba. Reza kuwa da sunanta na Ingilishi ta shigo, domin babu abin da ya yi kama da ita, kuma ita ce ta karɓe yawancin ƙananan ayyuka, daga fiƙe fensir zuwa yankan farce, saboda ta fi kowace wuƙa araha. Karin magana ma bai san mai naɗewa ba. Wanzami da aski da kube duk sun shiga, ita kuwa tana waje, domin ta zo a makare, kuma ba ta da gidan sana'a da ya gaje ta.

Gusau ta zama hedkwatar Jihar Zamfara cikin 1996, kuma tun daga wajen 2011 tashin hankalin 'yan bindiga ya tayar da ƙauyuka da yawa na wannan yanki. In ƙauye ya watse maƙerarsa ta watse, sunayen kayan aiki kuma sai su bi tsofaffin da suka san su. Malaman kwalejojin horon malamai suna da ɗalibai daga waɗannan garuruwa. Zai yi amfani ƙwarai kowane ɗalibi ya zauna da maƙeri ɗaya, da wanzami ɗaya, da baduku ɗaya, ya rubuta sunan kowace wuƙa da sassanta da aikinta, da lafazin garin yadda ya ji shi, ba tare da ya mayar da shi Kananci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.