Asirin da Kowa Ya Sani: Iyali, Aminci da Rufin Asiri a Labarin Ƙaramin Gari, Nazari daga Daura

Tsakure

Maƙalar ta duba labaran Hausa masu dogon zango waɗanda aka gina a kan rayuwar ƙaramin gari, inda iyali da aminai da abin da ake ɓoyewa suke jan zaren labari. An ɗauki labarin kafuwar Daura a matsayin tushen nazari, aka gwama shi da Jiki Magayi da Alhaki Kuykuyo Ne da wasan Daɗin Kowa. Nazarin ya nuna cewa a irin wannan gari da wuya a sami asirin da babu wanda ya san shi. Abin da ke riƙe mai sauraro shi ne jiran ya ga wa zai furta, a gaban wa, kuma wa zai rufa. Nan ne daɗin labarin yake, nan ne kuma hatsarinsa.

1.0 Gabatarwa

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 mai karatun Hausa ya saba da littafi mai zuwa kashi-kashi, ya gama na ɗaya ya koma kasuwa neman na biyu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, yana cikin waɗanda suka kafa wannan ɗabi'a. Gidajen rediyo suka riƙa karanta irin waɗannan littattafai a kai a kai, daga baya talabijin da YouTube suka karɓa. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan soyayya da auren dole a cikinsu, Brian Larkin kuma a 1997 ya tattauna alaƙarsu da finafinan Indiya. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne garin da labarin yake faruwa a ciki, da yadda ƙanƙantarsa take sarrafa abin da taurari za su iya ɓoyewa.

An zaɓi Daura ne domin ta haɗa abu biyu: gari ne da har yanzu ake sanin mutum da gidan da ya fito, kuma ita ce ma'ajiyar labarin da Hausawa suka fi yawan maimaitawa game da asalinsu. Hanyar da aka bi ita ce ta nazarin matani da kwatanta su, tare da dogaro da abin da masana suka rubuta game da zamantakewar Hausawa.

2.0 Labarin Daura a matsayin labarin cikin gida

E. J. Arnett ya buga wata ruwaya ta labarin Bayajidda a 1910, H. R. Palmer ya kawo wata a 1928, W. K. R. Hallam ya yi nazarinsa a 1966, Abdullahi Smith kuma a 1970 ya yi shakkar ɗaukarsa a matsayin bayanin kafuwar daulolin Hausa. Wannan maƙala ba ta shiga waccan muhawara ba. Ta karanta labarin ne yadda masu ba da shi suke jera shi, kuma idan aka yi haka sai a ga mafi yawansa a cikin gida yake faruwa.

Baƙo, wato Bayajidda, ya iso da dare, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa. Ta gaya masa ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki. Ya ari guga ya tafi, ya kashe macijin, ya sare kan ya adana, ya dawo ya kwanta bai ce wa kowa komai ba. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, sai maza suka yi ta zuwa da kawunan macizan da ba su dace da gangar jikin ba. Mutum ɗaya ce ta san gaskiya, domin ita ta ga baƙonta ya shigo da ruwa a ranar da ba a samun ruwa. Ayana ba ta tsaya bakin rijiya tana shela ba. Fada ta nufa, ta kai maganar inda za a yi amfani da ita.

A wannan gajeren zango an riga an tara mutum uku da labarin ƙaramin gari ba ya rabuwa da su: mai abin da ya yi shiru, masu cika baki da abin da ba nasu ba, da dattijuwar da ta sani amma ta zaɓi lokaci da wurin faɗa. A ganina Ayana ce ginshiƙin wannan zango, kuma masu nazari ba su ba ta haƙƙinta ba. Jaruntakar baƙon da ta tafi a banza in ba don ita ba.

Zango na biyu ya fi shiga lungu. Bayan baƙon ya auri Daurama, ruwayoyin sun ce ba ta kusanci mijin ba da farko, sai ta ba shi kuyanga, Bagwariya. Kuyangar ta haifi namiji ta sa masa Karɓagari. Daurama ta haifi nata daga baya ta sa masa Bawo. Abin da ke tsakanin matan biyu ba a taɓa furta shi fuska da fuska ba, amma duk wanda ya halarci sunan ya ji saƙon. Habaicin kishiyoyi ke nan a gaban jama'a, gari ya ji ya yi kamar bai ji ba. Abin lura shi ne yadda labarin ya ƙare ba tare da an zubar da kowa ba. Ruwayoyi da dama suna jingina wa Karɓagari zuriyar Banza Bakwai. Ɗan da Bayajidda ya bari a Garun Gabas tare da matarsa ta farko, 'yar Sarkin Barno, shi ma ba a manta da shi ba: Biram, ƙasar da ake jingina masa, ita ce ta cike Hausa Bakwai tare da Daura da Katsina da Zazzau da Gobir da Kano da Rano. Ɗan da aka bari a baya ya dawo cikin lissafin gida, kuma marubutan yau ba su daina komawa ga wannan jigo ba.

3.0 Aminiya, marikiya da mai shayi

Daga ina asirin gidan Bahaushe yake tasowa? Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954 daga bakin wata dattijuwa mai suna Baba, ya ba da amsa mai gamsarwa. Akwai riƙo, inda ake ba goggo ko inna ko kaka yaro tun yana ƙarami. Akwai kunyar ɗan fari, wadda take hana uwa kiran sunansa ko nuna masa kulawa a fili. Yaro zai iya girma yana kiran marikiyarsa uwa, alhali unguwa duka ta san wadda ta haife shi. Babu wanda ya yi masa ƙarya, an dai bar magana har lokacinta ya yi. Baba ta kuma yi bayanin ƙawance tsakanin mata, wanda ake ƙulla shi da kyauta, a riƙa rayar da shi da biki a suna da aure. Ƙawa ita ce wadda ake gaya wa abin da ba a gaya wa miji ko uwa. Saboda haka a labari, aminci da asiri tare suke tafiya: nauyin aminiya yana daidai da nauyin abin da take riƙe da shi.

Wasan Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, shi ne misali mafi kusa na wannan tsari a zamanin nan. Garin ƙagagge ne, amma an cika shi da abin da mutumin Daura ko Sandamu zai gane nan take: tsangaya da almajiranta, teburin mai shayi, maƙwabci Kirista, baƙin da rikici ya koro, magidanci irin Kamaye da ke fama da cefane da matarsa Adama. Wasan ya ci lambar yabo ta Africa Magic a 2016 a rukunin Hausa. Ƙarfinsa yana cikin yadda magana take yawo. Abin da aka faɗa a ɗaka zai fito zaure, ya isa wajen mai shayi, ya dawo gida ta bakin yaro. Mai kallo ya riga taurarin sanin komai, don haka ba mamaki yake jira ba. Yana jiran ya ga ko wanda labarin ya isa kunnensa zai yi halin girma. Ranar da maƙwabci ya ji abin kunyar wani ya rufe, ya kuma taimaka ba tare da ya nuna ya ji ba, ranar ce zuciyar mai kallo take yin sanyi. Inda wasan yake rauni shi ne wuraren da saƙon wayar da kai ya fi ƙarfin labari, a tona abu da wuri domin a samu damar yin nasiha.

4.0 Inda rufin yake cutarwa

Ba kowane shiru ne alheri ba, kuma adabin Hausa ya san haka tun farkonsa. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga littattafan farko da aka buga a Zariya a shekarun 1930, Malam Shehu ya aure Zainab da ƙarfin dukiya, masoyinta Abubakar ya bar garin Galma ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Abin da aka ƙulla nesa da gari babu wanda ya san shi balle ya kwance, babu wata Ayana da za ta kai magana fada. Sakamakon ya faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba: Kyauta, ɗan Malam Shehu da Zainab, ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai gane shi ba.

Balaraba Ramat Yakubu ta nuna ɗaya ɓangaren a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. A nan kowa ya san yadda Alhaji Abdu yake tauye Rabi da 'ya'yanta tara, aka yi shiru har ya kore ta saboda amarya. Ta sayar da abinci ta riƙe yaranta. Da duniya ta juya masa baya, dangi suka taru suka matsa mata ta koma domin a rufa masa asiri. Labarin a birnin Kano yake, amma tambayar da ya ɗora ta fi tsanani a ƙaramin gari, inda mace ba ta da unguwar da za ta koma a rasa wanda ya san ta: wa yake biyan kuɗin wannan rufi? Marubucin da yake son labarinsa ya faranta rai yana iya faɗawa tarkon sulhunta kowa da kowa a kashi na ƙarshe, alhali an ci gadon maraya ko an ɓata yarinya. Irin wannan sulhu zalunci ne, ko da kuwa mai karatu ya ji daɗinsa. Dole labari ya rarrabe tsakanin rufe kunyar talauci ko kuskuren ƙuruciya da rufe haƙƙin wani.

Tarihin masarautar Daura yana ƙara wa wannan tambaya faɗi. Kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a The Affairs of Daura na 1978, bayan jihadi ya fitar da Sarkin Gwari Abdu a farkon ƙarni na 19, zuriyarsa ta kafa sarauta a Zango da Baure, sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa gadon Daura. Gida ɗaya ya yi kusan shekara ɗari a warwatse, aure da zumunci suka bazu har ƙetaren iyakar da aka shata daga baya, zuwa ƙasar Magarya da Damagaram. Don haka a labarin da aka kafa a wannan yanki, tura yarinya wajen goggonta a hayin Kwangwalam ba ya binne magana, domin masu cin kasuwar Mai'aduwa za su dawo da ita. Sallar Gani kuma, wadda take tara hakimai da jama'arsu a Daura cikin watan Rabi'ul Awwal, tana sa wanda aka nisantar da wanda ya nisantar da shi su tsaya a fili ɗaya a ƙofar fada, a gaban mutanen da suka san abin da ya raba su.