Ɗakunan karatu na bincike da ƙirƙirarriyar basira: Inda aka kwana kan rubuce-rubucen ƙasar Gobir da Sakkwato

Ɗakin karatu na bincike ya bambanta da na gama-gari. Shi ne wurin da ake adana tsofaffin takardu da rubuce-rubucen hannu da kundayen digiri da jaridun da suka shuɗe, domin amfanin masu nazari. A Arewacin Najeriya, daga cikin fitattunsu akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Gidan Arewa na Kaduna wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Tun bayan da kamfanin OpenAI ya fito da manhajar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta sauya yadda ɗalibai ke neman ilimi. Da yawansu sukan tambayi na'ura kafin su taka ƙofar ɗakin karatu. Ita kuwa na'urar, abin da aka ciyar da ita shi take mayarwa.

Matakin farko: ɗaukar hoto

Na'ura ba ta koyon abin da ke ƙulle cikin gafaka ko akwati. Saboda haka shiri na farko shi ne ɗaukar hoton takardu a zuba su cikin kwamfuta, tare da bayanin sunan marubuci da shekara da mai takardar. Wannan aiki yana da asali a Arewa. Tun a 1964 Shirin Binciken Tarihin Arewa ya fara tattara rubuce-rubucen malamai yana ɗaukar hotonsu, kuma a 1995 John Hunwick ya wallafa babban kundin da ya jero marubutan wannan yanki da ayyukansu na Larabci.

A wannan ƙarni, shirin Ɗakin Karatun Birtaniya na ceto takardun da ke fuskantar salwanta, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki nauyin ayyuka a Najeriya, ciki har da na ma'adanar Kaduna. Jami'ar Boston ta Amurka kuma, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fallou Ngom, ta sanya rubuce-rubucen ajamin Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka a intanet.

Abin da ya faru a Tumbutu ya nuna dalilin gaggawa. A watan Janairun 2013 'yan bindiga sun ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba. Mafi yawan taskar garin ta tsira ne saboda an riga an kwashe ta a ɓoye zuwa Bamako, kuma a 2022 Google ya sanya shafuka fiye da 40,000 daga cikinta a intanet.

Mataki na biyu: koya wa na'ura ajami

Hoto kaɗai bai isa ba. Sai na'ura ta iya mayar da shi haruffan da za a bincika. Akwai manhajoji irin su Transkribus da eScriptorium da ake horarwa su karanta rubutun hannu. Hanyar ita ce gwani ya kwafe shafuka layi-layi, a ba na'ura hoton da kwafin, har ta gane hannun marubucin.

A nan ne matsalarmu take. Yawancin na'urorin da ke karanta Larabci an horar da su da bugun ƙasashen Gabas, alhali malamanmu sun yi rubutu da salon Magariba, a kan ƙira'ar Warshu, inda ake ɗiga wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ajamin Hausa ya ƙara da nasa: sautuka irin su ɓ da ts da c ba su da harafi a Larabci, kuma marubuta ba su bi ƙa'ida ɗaya wajen rubuta su ba. Ga kuma bambancin karin harshe, domin Gobirci da Sakkwatanci ba daidai suke da Kananci ba. Wannan ya sa malamin zaure da ya ƙware a tsohon rubutu ya zama abokin aikin da ɗakin karatu ba zai iya yi ba sai da shi.

Darasin ƙasar Gobir

Kufan Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, yana cikin yankin Sabon Birni. Birnin ya faɗi hannun masu jihadi a 1808, a zamanin Sarki Yunfa. Mafi yawan abin da aka rubuta game da wancan zamani ya fito ne daga alƙalamin shugabannin jihadi, kamar littafin Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello, sai kuma rahotannin Turawan mulkin mallaka. Nasu ɓangaren Gobirawa, kaso mai yawa yana bakin dattawa da makaɗan fada da masu kirari, a Sabon Birni da Isa da ƙauyuka irin su Tsamaye, da kuma Tsibiri kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar.

Idan rubutaccen ɓangare kaɗai ya shiga kwamfuta, na'ura za ta riƙa ba jikokin Bawa Jan Gwarzo tarihinsu da bakin wasu. Ga shi kuma hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a yankin, dubban mutane sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi, har a 2021 aka katse layukan waya a Sabon Birni da Isa da wasu ƙananan hukumomi. Wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa ɗaukar gafakar kakansa. Saboda haka naɗar muryoyin dattawa da ɗaukar hoton takardun gidaje na cikin aikin da ke gaban ɗakunan karatu na Sakkwato da takwarorinsu na Yamai, inda Jami'ar Abdou Moumouni take da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Haƙƙin mallaka da amana

Tambaya ta gaba ita ce: wa ke da ikon ba kamfani takardun gado ya horar da na'urarsa? A 2025 Jami'ar Harvard ta saki littattafai kusan miliyan ɗaya waɗanda wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, domin irin wannan horo. A nan gida lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin takardu da yawa aro ne daga iyalai, wasu kuma sun ƙunshi nasaba da shari'o'in gado da asirin magani. Najeriya tana da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da Dokar Kare Bayanai ta 2023, amma amanar da ke tsakanin ma'aikacin ɗakin karatu da mai takarda ta wuce abin da doka ta rubuta. Ya kamata a rubuta yarjejeniya tun farko, a bar wa iyali kwafinsu, a kuma fayyace abin da ba za a fitar ba.

A matakin duniya, hukumar UNESCO ta amince da shawarwari kan ɗa'ar amfani da wannan fasaha a 2021, ƙungiyar ɗakunan karatu na bincike ta Amurka da Kanada kuma ta fitar da nata ƙa'idojin a 2024.

Sabon aikin ma'aikacin ɗakin karatu

An tabbatar cewa waɗannan manhajoji sukan ƙirƙiro sunan littafi ko marubucin da babu shi. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen ƙarya da ChatGPT ya shirya musu. Haɗarin ya fi yawa a Hausa, inda rubutun da ke intanet bai taka kara ya karya ba, duk da ƙoƙarin ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP.

Don haka aikin ma'aikacin ɗakin karatu ya ƙaru. Shi zai koya wa ɗalibi ya nemi madogarar kowace magana, ya kuma koma ga asalin takarda kafin ya kafa hujja. Hakan na buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa, da ma'ajiyar bayanai a wuri fiye da ɗaya, da horar da ma'aikata. Asalin takardar kuma dole a ci gaba da kare ta daga gara da laima da gobara, domin ita ce shaidar da za a koma gare ta duk ranar da na'ura ta yi kuskure.