Daga ƙirgen dami zuwa awon manhaja

A ƙasar Kurfai, da dami manomi ke ƙiyasta gonarsa, in noma ya fi ƙarfinsa kuma ya kira gayya. Masu rubuta manhaja ba su sami wannan sauƙi ba. A 1975 Fred Brooks ya nuna cewa ƙarin hannu ga aikin da ya makara jinkiri yake ƙarawa, domin sai tsofaffi sun tsaya koyar da baƙi. A 1979 Allan Albrecht na IBM ya kawo awon abin da manhaja ke yi wa mai ita, maimakon ƙirga layukanta. Bayan sanarwar Agile ta 2001, ma'aikata da kansu ke gwada sabon aiki da wanda suka gama. Matsalar da ta rage ita ce shugaban da ke mai da ƙiyasi alkawari.