Shamuwa, Zanzaro da Famfon Feshi: Tarihin Yaƙi da Ƙwari a Gonakin Ƙaraye da Rogo

Tun kafin famfon feshi ya shigo ƙasar Ƙaraye da Rogo, gonakin yankin suna da masu kashe musu ƙwari, kuma ba a taɓa biyan su lada ba. Shamuwa tana sauka da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ba mai jifan ta, domin isowarta albishir ne na ruwa. Abincinta kuwa fara ce da manyan tsutsotsi, kuma masu binciken da suka bi garkunanta a Nijar sun tarar inda fara ta yi yawa, nan take taruwa. Balbela tana bin sawun shanu tana cafke abin da kofato ya tayar. Mujiya, wadda mutane suka tsana ba gaira ba dalili, ita ke kwana tana farautar ɓerayen da ke ɓarna a rumbu.

Amma wanda ya fi su duka nuna aikinsa a fili shi ne zanzaro. Duk yaron da ya taɓa fasa ɗan ginin lakar nan da ke manne a bangon zaure ya san abin da ke ciki: tsutsotsi a cushe, ba su mutu ba, ba su kuma iya motsi. Uwar ce ta kamo su daga ganye, ta harbe su suka sandare, ta saka ƙwai a ciki ta toshe ƙofa, domin ɗanta ya ƙyanƙyashe ya tarar da abinci ɗanye. Zanzaro yana da ƙananan dangi birjik, wasu ko ƙwayar gero ba su kai ba, waɗanda ke saka ƙwai a jikin tsutsa ko a cikin ƙwanta. Babban ɓangare na ilimin da ake kira yaƙi da ƙwari ta hanyar maƙiyansu a kan wannan dangi ya dogara.

Tsarin gonar da ma ya dace da su. Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, ruwan sama ya fi na arewacin Kano yawa, don haka dawa da auduga da gyaɗa suna yi, ga rake a fadama. Manomi ba ya zuba iri ɗaya a gona. Yakan yi gicci: layin hatsi ya ratsa kunyoyin gyaɗa, daga baya a soka wake a tsakani, kuɓewa da yakuwa a gefe, ɗorawa da kaɗanya a tsaye ba a sare su. Ƙwaron da ke neman shuka guda sai ya yi ta lalube, mai cin sa kuma ba ya rasa furen da zai tsotsa ko inuwar da zai fake. Idan kaka ta wuce, shanu su shiga su cinye karmami, rani ya ƙone sauran. Watannin nan na fari su ne babban magani, domin ƙwaron da bai sami ɗanyen ganye ba, zuriyarsa takan karye.

Kada a ɗauka aljanna ce. Lokacin da farin dango ya mamaye Arewa a farkon shekarun 1930, shamuwa da balbela ba su iya masa ba. Mutane sun fita da ganguna da rassan itace, suka haƙa ramuka, suka soya wadda suka kama, amma an yi asara mai yawa.

Turawan gona da suka kafa tashar bincike a Samaru a 1922 sun daɗe suna kallon gicci a matsayin ci baya. Shawararsu ita ce iri ɗaya a layi ɗaya, musamman auduga da gyaɗa da ake fitarwa waje. Duk da haka, dokar audugar da suka kafa ta nuna sun fahimci amfanin rani: bayan tsinka dole a tuge karan auduga a ƙone, don tsutsar da ke cin ƙwallon ta rasa mafaka kafin wata shuka. Masu binciken Samaru irin su Booker da A'Brook sun kuma nuna a farkon shekarun 1960 cewa gyaɗar da aka shuka da wuri, aka matse tsakaninta, ba ta cika kamuwa da kuturtar gyaɗa ba, saboda darɓar da ke yaɗa cutar ta fi sauka inda take hango ƙasa tsirara tsakanin tsirrai. Sannan wani mai bincike, David Norman, ya zauna da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau daga 1966, ya ƙirga aikinsu da amfaninsu. Abin da ya wallafa a 1974 ya wanke manomi: haɗa shuka ya fi ba da riba a kan kowace eka, ya kuma fi tsare gida daga yunwa a mugunyar shekara. Ƙasar da ya auna da ta Rogo kusan jirgi ɗaya ya kwaso su.

Shekara ɗaya bayan haka masifa ta faɗo. A 1975, gyaɗa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, darɓa ta yi ambaliya, kuturta ta bi gonaki. An ƙiyasta cewa kimanin hekta 700,000 ta lalace a Arewacin Najeriya, asarar da ta kai dala miliyan 250. Dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi ba, kuma sai da aka yi shekaru kafin Samaru da cibiyar ICRISAT su fito da irin SAMNUT mai jure cutar.

A wannan shekarar ce kuma aka fara shirin raya noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, daga baya hukumar KNARDA ta kawo irinsa jihar Kano. Takin zamani ya yi arha, ingantacciyar masara ta shigo, ta kori dawa daga gonaki masu yawa, kuma ita kaɗai ake shuka ta. Rumbuna sun cika, wannan ba abin musu ba ne. Tare da masarar sai ga maganin ƙwari na Gamalin, wanda har kifi aka riƙa kashewa da shi a rafi, sai fiya-fiya a kwalabe marasa suna, sai famfon goyo a bayan kowane saurayi. Matsalar guba ita ce ba ta tantance mai ɓarna da mai gadi. Mai ɓarna yana haihuwa da sauri, yana sabawa da maganin. Mai cin sa ya fi shi ƙaranci, ya fi shi jinkirin dawowa. Shi ya sa manomin da ya yi feshi sau biyu bana yakan tarar baɗi sai sau huɗu.

Madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a ƙaramar hukumar Ƙaraye a 1992 ta ƙara wani babi. Noman rani ya bunƙasa, tumatir da albasa da tattasai suka kawo kuɗi a watannin da a da ake tafiya ci-rani. Sai dai yanzu akwai kore a gona shekara zagaye, hutun nan da ke karya zuriyar ƙwaro ya ragu. A 2016 baƙi biyu 'yan asalin nahiyar Amurka suka girgiza ƙasa: ƙwaron tumatir da manoman Kano suka raɗa wa suna sharon, wanda ya sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, da kuma tsutsar da ke shiga cikin zuciyar masara. Dukansu sun iso ba tare da maƙiyansu na gida ba, kuma dukansu sun yi suna wajen raina magani.

Abin da ya fi dacewa manomin Ƙaraye ya leƙa yanzu yana Maraɗi. Tun wajen 2006 masu bincike na cibiyar INRAN, cikinsu har da Ibrahim Baoua, suka fara kiwon wani ƙaramin ɗan'uwan zanzaro mai suna Habrobracon hebetor don yaƙar tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Ana zuba gero da garinsa a ɗan buhun algarara, a sa tsutsotsin asu, a sa mata biyu masu ɗauke da ƙwai, a rataye buhun a gindin itace ko a jikin rumbu lokacin da gero ya fara fitar da kai. Bayan mako ɗaya ko fiye 'ya'yan su riƙa fitowa ta ramukan buhun suna bazuwa cikin gonaki. A wasu ƙauyuka ƙungiyoyin manoma ne ke kiwon suna sayarwa. A tashar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, an gwada wani mai suna Telenomus remus, wanda ke saka ƙwai a cikin ƙwan tsutsar masara.

Wahalar wannan hanya ba ta ɗakin gwaji ba ce. Ƙwaron da aka saki bai san iyakar gona ba, yana yi wa wanda ya saya da wanda bai saya ba aiki, kuma maƙwabci ɗaya da famfonsa zai iya hallaka su da safiya guda. Don haka a Nijar ƙauye ake bi gaba ɗaya, ba gona ɗaya ba. Idan za a gwada a Ƙaraye ko Rogo, sai dagatai da sarakunan noma da ƙungiyoyin masu noman rani sun zauna sun yarda a kan lokacin da kowa zai ajiye feshi.