Ciwon kan da ke tashi idan ka miƙe, ya lafa idan ka kwanta

Yayana ya yi wata biyu yana fama da ciwon kai bayan wani sa ya fizge shi wajen sauke shanu daga tirela a Kara. Maganin maleriya da na taifot babu wanda bai sha ba, wasu ma suka ce jifa ne. Da muka je asibiti, likita ya tambaye shi: "In ka kwanta yana sauƙi?" Daga nan aka gano matsalar. Ga abin da na fahimta.

Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa garai-garai da wata fata mai ƙarfi ta lulluɓe. A jikin baligi ruwan ya kai kimanin mililita 150, kuma kullum jiki na sabunta shi. Tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya kuwa akwai faifan guringuntsi. Idan faifan ya goce ya taurare, ko ƙashin ya fitar da tsini, yana iya huda fatar nan, ruwan ya riƙa yoyo. Da ruwan ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan zazzago duk lokacin da mutum ya miƙe, ta ja jijiyoyi. Ciwon kan ke nan. Wani likitan Jamus, Georg Schaltenbrand, ya yi bayanin ƙarancin ruwan tun 1938.

Babbar alamar ita ce ciwon, galibi a ƙeya, yana tsananta a zaune ko a tsaye, ya lafa a kwance. Wasu na samun sanƙarewar wuya, tashin zuciya, jiri, ƙara a kunne, ko ganin abu biyu-biyu. Ba lallai bayan ya yi ciwo ba.

Da hoton MRI na kai da na baya ake ganowa. Akan fara da kwanciya, shan ruwa sosai da kofi. In bai tsaya ba, sai a ɗebi jinin mutum a yi masa allurarsa a baya kusa da hudar, ya daskare ya toshe ta. Wannan aka yi wa yayana. Idan tsinin ƙashi ne ya hana wurin rufewa, sai tiyata.

Jama'a, kada a tsaya ga kemis ko ƙaho. Idan aka bar shi, jini na iya taruwa a saman ƙwaƙwalwa. Wanda ya fara rikicewa ko yawan barci, a garzaya da shi babban asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa. A gaya wa likita ƙarara cewa ciwon na lafawa a kwance. Allah ya ƙara mana lafiya.