Nelson Agholor: Haifaffen Legas Da Ya Sha Yabo Da Zagi A Filadelfiya

Yau zan ɗan kauce wa abin da muka saba, in kawo muku tarihin wani ɗan wasa. Na san galibinmu mazauna Agege da Idi-Araba ƙwallon Ingila muka sani, amma wannan bawan Allah a nan Legas aka haife shi, kuma abin da ya same shi a garin da ya je neman abinci ya isa a tsaya a duba.

Da farko bari in yi wa mai karatu bayanin aikinsa. A ƙwallon Amurka, wanda ya fi kama da zari-ruga, kowane ɓangare mutum 11 ne. Akwai mai jifa, shi ne jagora, akwai kuma masu cafewa, waɗanda za su sheƙa a guje su ɓace wa masu tsaronsu, su cafe ƙwallon kafin ta taɓa ƙasa. Da yadi ake auna tafiyar da aka ci, irin dai yadin da muka sani a wajen masu atamfa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki 6. Wahalar wannan aiki ita ce, idan ƙato ya yi kuskure a cikin turmutsutsu ba kowa zai gani ba, amma mai cafewa in ƙwallo ta suɓuce masa, shi kaɗai ne a fili, duk duniya na kallo.

An haifi Nelson Agholor a ranar 24 ga Mayu, 1993. Yana ɗan shekara 5 iyayensa suka yi ƙaura zuwa Amurka, ya tashi a birnin Tampa na jihar Fulorida. Daga sakandare ya wuce Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda a shekarar 2014 ya cafe ƙwallo sau 104, ya ci yadi 1,313, ya kai ta gida sau 12. Wannan ne ya sa a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2015 kulob ɗin Eagles na Filadelfiya ya ɗauke shi a zagayen farko, shi ne na 20 a duk ƙasar. Sun ɗauko shi ne bayan sun rabu da gwanayensu biyu, DeSean Jackson da Jeremy Maclin, wato tun bai fara ba an riga an ɗora masa kayan mutum biyu.

Shekarar farko sau 23 kacal ya cafe, ta biyu sau 36. Mutanen Filadelfiya kuwa an san su da rashin haƙuri da 'yan wasansu. Abin ya kai maƙura a watan Nuwamba 2016 a garin Siyatil. Ya tsaya ba daidai ba a sahu, alƙali ya soke cin da abokinsa Zach Ertz ya yi bayan gudun yadi 57, can kuma aka jefo masa ƙwallo ba kowa kusa da shi, ta faɗi. Bayan wasan ya shaida wa 'yan jarida cewa tunani ne ya yi masa yawa, shi ke hana kansa sakewa. Mai horar da su, Doug Pederson, ya ajiye shi a wasan da ya biyo baya, ko riga bai sa ba.

A nan ne, a ganina, tarihin ya fi daɗi. A 2017 kulob ɗin ya kawo Alshon Jeffery, ya kuma miƙa Jordan Matthews ga kulob ɗin Buffalo. Sai aka ɗauke Agholor daga gefen fili aka maido shi ciki, kusa da sahun ƙarti. A gefe, mai tsaro na tsaye a gabanka, yana iya bangaje ka tun kafin ka motsa, ga layi a kusa yana matse ka. A ciki kuwa kana da hanya dama da hagu, kuma zafin nama da saurin juyawa sun fi tsawo amfani. Mutumin da aka gama yanke wa ƙauna sai ga shi ya cafe sau 62, yadi 768, ya kai gida sau 8. Hannun dai shi ne na bara, wurin tsayuwa aka canza masa.

Ranar 4 ga Fabrairu 2018 aka buga wasan ƙarshe na Super Bowl a Miniyafolis, tsakanin Eagles da Patriots su Tom Brady. Mai jifansu na ainihi, Carson Wentz, ya ji rauni tun Disamba, Nick Foles ne ya tsaya masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: Agholor ya cafe sau 9, yadi 84, har da waɗanda ya cafe a harin da ya maido musu da rinjaye gab da tashi. Aka tashi 41 da 33. Rabon kulob ɗin da zama zakara tun 1960.

To amma mai karatu, shekara biyu ba ta cika ba aka koma gidan jiya. A Satumba 2019 ƙwallon da za ta iya ba su nasara a Atlanta ta suɓuce masa. Mako guda bayan haka gobara ta tashi a wani gida a yammacin Filadelfiya, ana jefo yara ta taga wani mutum yana cafewa a ƙasa. Da 'yan talabijin suka tambaye shi, sai ya ce shi kam yana cafewa, ba kamar Agholor ba. Maganar ta zagaye intanet. Abin da ya burge ni shi ne amsar da ya bayar: ya yaba wa mutumin a kan ceton rai da ya yi, ya kuma gayyace shi kallon wasa.

A 2020 ya koma Raiders na Las Vegas a kan kwantiragin shekara ɗaya mai ƙaramin kuɗi, ya ci yadi 896 a cafewa 48, wanda ya fi na kowace shekara a aikinsa. Nan take Patriots suka ba shi kwantiragin shekara biyu na fiye da dala miliyan 20, sai dai a can abin bai yi armashi ba. A 2023 da 2024 ya buga wa Ravens na Baltimo, a matsayin dattijon da ke taimaka wa yara.

Ba zan ce yana cikin gwanayen da ba a taɓa yin irinsu ba, don ko sau ɗaya bai kai yadi 1,000 a shekara ba. Amma ya yi kaka 10 a sana'ar da da yawa ba sa wuce uku ko huɗu. Mu da muke zaune a garin da ba na kakanninmu ba mun san wannan hali: ana auna ka da aikinka na jiya da yamma, kuma kuskure ɗaya kan shafe alheri goma. Idan yaronka ya kasa a shagon da ka sa shi, kafin ka ce ba shi da amfani, duba ko wurin tsayuwar ne bai dace da shi ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.